Ina iyakar ɗan sa-kai wajen taimaka wa waɗanda aka ci zarafinsu?

Rabi'atu:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga aikin sa-kai na tallafa wa waɗanda aka ci zarafinsu a cikin gida ko aka yi musu fyaɗe. Na ba da sunana ga wata ƙungiya mai layin wayar agaji, kuma sun sanar da mu cewa ba wanda zai ɗaga waya ko ya zauna da mai neman taimako sai ya kammala horo, sannan ya ɗauki wani lokaci yana aiki a ƙarƙashin kulawar wanda ya ƙware. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wata ƙa'ida da suka yi ta nanatawa, cewa ba hurumin ɗan sa-kai ba ne ya ce wa mace ta bar gidan mijinta ko ta kai ƙara wurin 'yan sanda, ko da kuwa yana ganin shatin duka a jikinta. A rahotonta na 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata miliyan 736, wato kusan ɗaya cikin kowace uku, sun taɓa fuskantar duka ko tilastawa ta jima'i a rayuwarsu. Idan lamarin ya kai haka girma, me ya sa za a hana wanda ya zo taimako faɗin abin da yake ganin shi ne mafita?

Hajiya Binta:
Wa alaikumus salam, 'yata Rabi'atu, Allah ya ba ki ladan wannan niyya. Ba za a gane dalilin ƙa'idar ba sai an fara gane abin da mai cin zarafi yake yi wa wadda ke hannunsa. A farkon shekarun 1980 wasu ma'aikata a birnin Duluth na jihar Minnesota a Amurka sun zauna da matan da suka daɗe suna shan duka, suka tattara abubuwan da aka yi musu, sai suka ga labaran suna maimaita juna. An raba mace da danginta da ƙawayenta, an karɓe kuɗinta ko an hana ta sana'a, ana bin diddigin inda ta je da wanda ta yi magana da shi, ana yi mata barazanar raba ta da 'ya'yanta, sannan bayan an doke ta a ce ita ta jawo. A tsakiyar zanen da suka fitar a 1984 iko da mallakewa suka sanya, domin duk waɗannan hanyoyi wuri guda suka nufa, wato a wayi gari mace ba ta da ta cewa a kan rayuwarta. Saboda irin wannan fahimta ce Ingila da Wales suka mayar da mallakewar da ake yi ta hanyar tsoratarwa laifi a doka a 2015, ko da ba a taɓa jikin mutum ba.

To, ki dubi matar da ta shafe shekaru wani yana yanke mata hukunci a kan komai, ta yi ƙarfin hali ta kira ki, sai abu na farko da ta ji daga bakinki shi ne “dole ki tattara kayanki yau.” Idan ba ta iya ba, kuma mafi yawa ba za su iya a ranar ba, kunya za ta hana ta sake kiran ki, domin tana ganin ta saɓa wa shawararki. Kin rasa ta ke nan, ita kuma ta rasa ƙofa ɗaya tilo da ta buɗe. Littafin jagora da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar wa ma'aikatan lafiya a 2014 ya tsara taimakon farko a matakai biyar, kuma ɗan sa-kai ma da su yake aiki: ki saurare ta ba tare da katse ta ba, ki tambayi abin da take bukata da abin da take tsoro, ki nuna mata kin gaskata ta kuma ba laifinta ba ne, ki duba tsaronta tare da ita, sannan ki haɗa ta da asibiti ko lauya ko gidan mafaka idan ta amince. Kada ki raina “na yarda da ke” da “ba laifinki ba ne.” Akwai matan da ba su taɓa jin waɗannan kalmomi daga bakin kowa ba, har mahaifiyarsu.

Malam Nasiru:
Hajiya, ina ganin girman gogewarki, amma ki yi mini izini in saɓa miki. Rahoton da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a ƙarshen 2024 ya nuna cewa a 2023 kaɗai mata da 'yan mata kusan 51,100 ne mazajensu ko samarinsu ko wasu daga danginsu suka kashe, kimanin 140 ke nan a kowace rana. Kowace ɗaya daga cikinsu akwai wanda ya san halin da take ciki. Idan duk wanda ya sani ya tsaya a kan cewa zaɓinta ne, yaushe za a ceci rai? Mutumin da tsoro ya cika masa zuciya ba koyaushe yake iya auna haɗarin da yake ciki ba, kuma ina jin tsoron kada girmama zaɓi ya zama hanyar da ƙungiyoyi ke wanke hannunsu daga alhaki idan abu ya lalace.

Hajiya Binta:
Malam Nasiru, damuwarka tana kan hanya, kuma adadin da ka kawo shi ne ma dalilin da ya sa ba ma gaggawar cewa mace ta fita. Binciken da Farfesa Jacquelyn Campbell ta jami'ar Johns Hopkins ta jagoranta a birane 11 na Amurka, wanda aka wallafa a 2003, ya kwatanta matan da aka kashe da waɗanda aka ci zarafinsu amma suka rayu, kuma ya gano cewa rabuwa da namiji mai mallakewa tana cikin abubuwan da suka fi ƙara haɗarin kisa, tare da mallakar bindiga da barazanar kisa da aka taɓa yi. Dalilin a fili yake: ranar da ya ga ikonsa zai kuɓuce masa, ranar ce ya fi zama haɗari. Wanda ya ingiza mace ta fita ba tare da shiri ba, ba ta da inda za ta kwana, ba ta ɗauki takardunta ba, kuma mijin ya san gidan duk wanda za ta iya fakewa wurinsa, yana iya jefa ta cikin abin da yake ƙoƙarin tsamo ta daga ciki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ita ta san lokacin da yake fita, ta san abin da ke tunzura shi, ta san wanda zai tona mata asiri.

Sai dai girmama zaɓinta ba ya nufin yin shiru, kuma a nan nake tare da kai. Wajibi ne ɗan sa-kai ya faɗa mata gaskiya ƙarara idan ya ga alamun haɗari. Ana tambayarta kai tsaye: ya taɓa shaƙe ki? Ya taɓa cewa zai kashe ki ko ya kashe kansa? Yana da makami? Ya taɓa dukan ki kina da ciki? Dukan yana ƙaruwa a watannin nan? Tambayar shaƙewa tana da nauyi na musamman, domin wani bincike na 2008 ya nuna cewa matar da abokin zamanta ya taɓa shaƙe ta, haɗarin ya kashe ta daga baya ya ninka fiye da sau bakwai, kuma sau da yawa shaƙewa ba ta barin alama a fata, shi ya sa ko da babu tabo ya kamata likita ya duba ta. Idan ta amsa da e, sai a ce mata, “abin da kika faɗa mini ya sa ina jin tsoron rayuwarki, kuma ga dalilina.” Daga nan a tsara hanyar tsira tare da ita: inda za ta ajiye katin shaidarta da takardun haihuwar yara da magungunanta da ɗan kuɗi a wajen gida, kalmar sirri da za ta faɗa wa wata amintacciya ta gane cewa a nemo taimako, ɗakin da yake da ƙofar fita wanda za ta nufa idan rikici ya tashi maimakon inda wuƙaƙe suke, da yadda za ta goge lambar da ta kira daga wayarta. Ɗan sa-kai kuma ba ya kiran ta ko ya tura mata saƙo sai a lokacin da ta ce babu haɗari, domin saƙo guda da ya faɗa hannun mijin ya isa ya jawo mata dukan dare.

Sista Maryam:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ina so in ja hankalin ƙanwata Rabi'atu ga ɓangaren fyaɗe, domin a nan akwai abin da ba ya jira. Maganin da ke kare mutum daga kamuwa da ƙwayar cutar HIV bayan fyaɗe, wanda ake kira PEP, dole a fara shan sa cikin awa 72, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa, sannan a ci gaba da sha kullum har kwana 28. Maganin gaggawa na hana ɗaukar ciki yana iya aiki har zuwa awa 120, wato kwana biyar, idan ta zaɓi sha. Akwai kuma maganin cututtukan da ake ɗauka ta jima'i, da allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B, da allurar tetanus idan akwai rauni. Ɗan sa-kai da bai san waɗannan awoyi ba yana iya shafe kwana uku yana lallashi da kyakkyawar niyya, ya wayi gari damar kariya ta wuce. Saboda haka ko a nan ba a tilasta mata zuwa asibiti, amma ana faɗa mata lissafin lokacin a zaman farko, kuma a yi mata tayin rakiya, domin sau da yawa tsoron shiga ita kaɗai ne ke hana ta.

Idan tana tunanin kai ƙara, yana da kyau kada ta yi wanka kafin a duba ta, kuma ta ajiye tufafin da ke jikinta a lokacin cikin takarda, ba cikin leda ba, saboda leda tana riƙe danshi ta lalata shaida. Amma mafi yawan mata abu na farko da suke yi shi ne wanka, kuma babu wanda zai zarge su. Kada a ce wa mace ta ɓata shaida. A ce mata ta zo a haka, domin magani ba ya bukatar shaida, kuma bai kamata a ɗora samun magani a kan sharaɗin kai ƙara ba.

Abu na ƙarshe, wanda yake ci mini rai a duk lokacin da na ji shi, shi ne tambayar “me ya sa ba ki yi ihu ba?” A wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda aka yi a kan mata kusan 300 da suka je asibitin gaggawa a birnin Stockholm na Suwidin bayan fyaɗe, kashi 70 cikin 100 sun ce jikinsu ya sandare a lokacin, ba su iya motsi ko magana ba. Wannan aikin jiki ne idan tsoro ya kai maƙura, ba yarda ba ce. Haka nan labarinta zai iya zuwa a wargaje, ta tuna wari ko sauti amma ta kasa tuna abin da ya riga wani. Wanda bai samu horo ba zai ɗauka ƙarya take yi. Ɗan sa-kai ba mai bincike ba ne, kuma ba ya bukatar jin yadda abin ya faru dalla-dalla kafin ya taimaka.

Alhaji Isiyaku:
Na karanta bayananku duka, kuma na ƙaru. Sai dai ban ji wanda ya ambaci sulhu ba. Aure ba abin wasa ba ne, akwai 'ya'ya a tsakani, kuma mata da yawa ba rabuwa suke nema ba, so suke a daina dukansu kawai. Shin ba zai fi alheri ba ɗan sa-kai ya kira mijin ya yi masa nasiha, ko ya zaunar da su biyun a fahimci juna? Ina tsoron kada a riƙa kallon waɗannan ƙungiyoyi a matsayin masu raba aure, har mazaje su hana matansu kusantar su.

Barista Safiya:
Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Gaskiya ne cewa mata da yawa so suke dukan ya tsaya ba auren ya mutu ba, kuma ƙa'idar da Rabi'atu ta yi tambaya a kanta tana kare su ma, domin kamar yadda ɗan sa-kai ba ya cewa “ki fita,” haka ba ya cewa “ki yi haƙuri ki koma.” Amma kiran mijin yana cikin abubuwan da aka fi hana ɗan sa-kai, kuma da hujja. Da zarar an kira shi, ya san ta kai maganarsa waje, kuma da shi za ta koma gida a daren, ba da mai nasihar ba. Sulhu yana amfani ne tsakanin mutum biyu da kowanne zai iya faɗin ransa ba tare da fargabar abin da zai biyo baya ba. Idan ɗaya yana tsoron ɗaya, abin da za a samu a zaman shi ne ta yi shiru ko ta ce ta yafe, shi kuma ya yi alkawari a gaban mutane, a rufe magana alhali babu abin da ya sauya. Yarjejeniyar Istanbul ta 2011, wadda ƙasashen Turai suka ƙulla a kan cin zarafin mata, ta hana a tilasta sulhu a irin waɗannan shari'o'i saboda wannan dalili. Idan namiji yana son ya sauya, akwai shirye-shiryen da ake yi wa masu cin zarafi su kaɗai, waɗanda ƙwararru ke gudanarwa, kuma ba wanda ke tallafa wa matar ne zai haɗa aikin biyu ba.

Game da fyaɗe kuwa, maganar sulhu ba ta ma taso ba, domin babban laifi ne a doka. Abin da ɗan sa-kai zai yi shi ne ya bayyana mata yadda kai ƙara yake tafiya a ƙasarsu, da tsawon lokacin da shari'a kan ɗauka, da cewa za a yi mata tambayoyi masu zafi, da irin umarnin kariya da kotu kan bayar inda doka ta tanade shi, sannan ya haɗa ta da lauya. Alkaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa a mafi yawan ƙasashen da ake da bayanansu, ƙasa da kashi 40 cikin 100 na matan da aka ci zarafinsu ne ke neman taimako kowane iri, kuma cikin masu neman ƙasa da kashi 10 ne ke zuwa wurin 'yan sanda. Idan labari ya bazu cewa duk wadda ta kira layin agaji za a kai maganarta hukuma ba da yardarta ba, ko waɗannan 'yan kaɗan ɗin za su daina kira.

Malam Nasiru:
Barista, na gamsu da batun kiran miji. Amma idan yarinya ce 'yar shekara goma fa, ko yaro? Domin maza ma ana yi musu fyaɗe, kuma su ne ma suka fi ɓoyewa. Sannan mu maza da muke son shiga wannan aiki, akwai gurbinmu, ko za mu zama abin tsoro ga waɗanda aka cutar?

Hajiya Binta:
Akwai gurbinku, Malam. Mace tana da haƙƙin ta nemi mace ce za ta saurare ta, kuma gidajen mafaka da yawa ba sa barin namiji ya shiga, amma yaro ko namijin da aka ci zarafinsa wani lokaci ya fi sakewa da namiji, wani lokacin kuma akasin haka, shi ya sa ake tambayarsa. Ban da haka akwai rakiya zuwa kotu, da tuƙi, da neman tallafi, da magana da 'yan'uwanku maza, wadda ku aka fi saurara a kanta. Zan ƙara da gargaɗi ɗaya gare ka da Rabi'atu. Sauraron irin waɗannan labarai yana barin tabo a zuciyar mai sauraro, abin da masana halayyar ɗan Adam suka fara bayyanawa a rubuce tun 1990, kuma yana zuwa ne da rashin barci, da saurin fushi, da zargin kowa. Mafi zafi shi ne ranar da matar da kuka yi wa shiri ta koma wurin wanda ya cuce ta, abin da ke faruwa sau da yawa kafin rabuwa ta ƙarshe, kuma dole idan ta sake kira a karɓe ta ba tare da gori ba. Saboda haka kada ku yi aiki da ƙungiyar da ba ta da mai kula da 'yan sa-kai wanda za ku riƙa zama da shi, kada ku ba da lambar wayarku ta kanku, kuma kada ku kai kowa gidanku.

Barista Safiya:
A kan yara, Malam Nasiru, hukuncin ya bambanta, kuma a nan riƙe sirri yake da iyaka. Yaro ba a ɗora masa nauyin kare kansa, kuma dokokin ƙasashe da yawa sun wajabta sanar da hukumar kare yara idan ana zargin ana cutar da shi, don haka wajibi ne kowane ɗan sa-kai ya san abin da dokar ƙasarsa da tsarin ƙungiyarsa suka ce tun kafin ya fara. Haka nan idan akwai barazana ga rai a take, kamar ta ce yana bakin ƙofa da makami, ko ta ce za ta kashe kanta a daren, ana neman agajin gaggawa. Abin da ake koya wa ɗan sa-kai shi ne ya faɗi waɗannan iyakoki tun farkon zance, kafin mutum ya buɗe cikinsa, kuma kada ya taɓa yi wa yaro alkawarin cewa ba zai faɗa wa kowa ba. Sannan ba shi kaɗai yake yanke shawarar sanarwa ba, sai ya kai wa mai kula da shi nan take, a duba wanda za a sanar, musamman idan wanda ake zargi yana cikin gidan da yaron zai koma. Sanar da hukumar da ta dace kuma daban yake da yaɗa hoton yaro ko sunansa a Facebook ko WhatsApp da sunan neman adalci. Hoton da ya shiga intanet ba ya gogewa, yana iya raunana shari'ar, kuma yaron zai girma ya tarar da shi.

Rabi'atu:
Na gode ƙwarai, iyayena. Sista Maryam, ina da sauran tambaya a kan lissafin awoyin: idan mace ta zo bayan kwana huɗu ko mako guda, ko ma bayan watanni, akwai sauran amfani a yi mata tayin zuwa asibiti?

Sista Maryam:
Akwai, ƙanwata, kuma kada ki bari ta ji kamar ta makara. Bayan awa 72 ba a fara PEP, amma a rana ta huɗu da ta biyar maganin hana ɗaukar ciki yana nan. Bayan haka ma ana yi mata gwajin HIV a kuma maimaita shi bayan wasu watanni, ana maganin sauran cututtuka, ana gwajin ciki, ana duba raunuka a rubuta su a takardar asibiti, wadda lauya zai iya bukata idan ta yanke shawarar kai ƙara daga baya. Ki kuma nemi ƙungiyarku ta ba ki sunayen asibitocin da ke ajiye waɗannan magunguna dare da rana, domin ba kowane asibiti ke da su ba, kuma bai kamata a tura ta inda za a sake tura ta wani wuri ta maimaita labarinta ba.